Ɗan Lido a Fagen Fama

Yau za mu leƙa wani wasa ne da ake yi a zaune kewaye da tebur. Mutum huɗu ko biyar, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. In labari ya kai ga faɗa, sai a jefa dayis, irin ɗan lidon nan mai ɗigo-ɗigo, shi zai raba gardama. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

To ga abin da ya ɗauki hankalina. Kafin nan, a 1971, Gygax da Jeff Perren sun rubuta Chainmail, wasan yaƙin rundunoni da 'yan gumakan sojoji. A can, jifa ɗaya na iya kashe soja, kuma ba wanda zai damu, tunda akwai wasu bayansa. Arneson, a jihar Minnesota, ya ɗauko dokokin ya ba kowane ɗan wasa jarumi ɗaya tak. Nan fa aka samu matsala. Mutum ya yi makonni yana rainon jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya nema masa takobi, sai dodo ya fito, jifa ɗaya, shi ke nan. Rai ya ɓaci.

Ina Arneson ya samo mafita? A teku! Shi da kansa ya ce daga dokokin wasan jiragen ruwa masu sulke na yaƙin basasar Amurka ya aro dabarar. Jirgi ba ya nitsewa da harsashin igwa ɗaya. Ana dukansa, yana raguwa, yana raguwa. Sai aka ba kowane jarumi makin rai da kuma lambar sulke. Wato jarumin nan mai takobi, a lissafi, jirgin ruwa ne. Layin ran da yara ke gani yana raguwa a wasannin kwamfuta, zuriyar wannan dabara ce.

Sai dai kuma faɗa ya yi tsawo. A wasan na yau ana jefa dayis mai fuska 20, kuma zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a cikin labari. Daƙiƙa 6, amma a tebur sai a kwashe mintuna. Ka jira layi ya zo kanka, ka jefa, lamba ta gaza, a ce ka kai sara ka yi kuskure. Na gaba.

A 2010 Vincent Baker ya fitar da Apocalypse World, ya canza tambayar. Dayis biyu ne masu fuska 6. In ka samu 10 zuwa sama, buƙata ta biya. In 6 ne zuwa ƙasa, mai ba da labari zai jefo maka masifa, ba za a bar ka haka nan ba. Tsakanin 7 da 9 kuwa, ka samu, amma da tsada. Ka ka da mai gadi, amma ya riga ya yi ihu. Ka tsere, amma an bar ƙaninka a ciki. A cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke faɗuwa, 15 nan tsakiya suke sauka, 6 kacal ne ke ba da nasara tsantsa, kafin a ƙara makin jarumi. Mai ba da labari ma ba ya jefa dayis ko kaɗan.

Masu son lissafin taku da dabarun fage suna ƙorafin cewa wannan ya ba mai labari iko da yawa, kuma suna da hujja. Ni dai na fi karkata ga tsarin Baker, domin ba jifar da ke tafiya a banza.

Akwai Blades in the Dark na John Harper, na 2017, da ya ɗora a kan wannan hanya.