Ba Duk Mai Ƙin Dokar Kati Ne Ɓarawon Ƙuri'a Ba

Duk lokacin da labarin rigimar katin shaida a zaɓen Amurka ya iso gare mu, hukuncin da yawancin mutanenmu ke yankewa ɗaya ne. Sai ka ji an ce: "To mene ne abin jayayya a nan? Mu da ake kira ƙasa mai tasowa, ba ka dangwala sai ka nuna katin zaɓe, na'ura ta tantance yatsanka ko fuskarka. Duk wanda ya ƙi a nuna kati, maguɗi yake so." Wasu su ƙara da cewa maganin abin shi ne gwamnatin tarayyar Amurka ta karɓe zaɓe daga hannun jihohi, ta kafa hukuma ɗaya irin INEC, kowa ya huta.

Masu wannan ra'ayi ba shirme suke faɗa ba, kuma suna da abokan tafiya. Kusan takwas cikin goma na Amurkawa suna goyon bayan nuna shaida mai hoto kafin jefa ƙuri'a, kamar yadda binciken jin ra'ayi na Gallup ya sha nunawa. A 2005 wani kwamiti da tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter, ɗan jam'iyyar Dimokrat, ya jagoranta tare da James Baker na Rifablikan, ya ba da shawarar a yi hakan. A 2008 alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli sun amince da dokar jihar Indiyana mai tilasta nuna katin. Sannan duk wanda ya ga abin da satar akwati da aringizon ƙuri'u suka yi wa ƙasarsa, yana da hujjar cewa rigakafi ya fi magani. Amma duk da haka ina ganin an yi gaggawar yanke hukunci, domin an auna Amurka da mudun Najeriya.

Mu fara da katin kansa. A Najeriya hukumar da ke neman kati a hannunka ita ce ta yi maka rajista, ta ɗauki hotonka, ta buga katin, ta ba ka kyauta. Katin da ke aljihun ɗan Sakkwato shi ne a aljihun ɗan Kalaba. Ko da wannan sauƙin, a zaɓen 2023 mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajista, amma miliyan 87.2 ne suka karɓi katinsu. Sama da miliyan shida sun zama 'yan kallo. Ita kuwa Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa ko kaɗan. Katin lambar tsaron rayuwa da kusan kowa ke da shi ba ya ɗauke da hoto. Abin da mutane ke nunawa a banki da filin jirgi shi ne lasisin tuƙi, wanda jiha ke bayarwa, sai fasfo, wanda kusan rabin 'yan ƙasar ne kawai ke da shi. Tsohuwar da ta daina tuƙi, da talakan birni mai hawa bas, da ɗalibin da bai mallaki mota ba, su ne suka fi rasa wannan takarda. Jihohi masu tsauraran dokoki suna ba da katin zaɓe kyauta, gaskiya ne, sai dai kafin a ba ka sai ka kawo takardar haihuwa, ita kuma da kuɗi ake cirarta, kuma ofishin yana iya yi wa mutumin karkara nisa.

Abin da ya fi wannan tayar da ƙura shi ne, 'yan majalisar jiha, wato 'yan siyasar da za su tsaya takara gobe, su ne ke zaɓar katin da za a karɓa da wanda za a ƙi. Dokar Teksas ta 2011 ta karɓi lasisin riƙe bindiga, ta ƙi katin ɗaliban jami'o'in jihar kanta. A Dakota ta Arewa an ce dole katin ya nuna adireshin titi, alhali 'yan asalin ƙasar da ke zaune a keɓaɓɓun yankunansu da yawa akwatin gidan waya kawai suke da shi. Wanda ya yi ƙorafi a kan wannan, tambayarsa ita ce wane kati, kuma wa ya zaɓe shi. Wannan tambaya ce ta mai hankali.

Haka nan kada a ɗauka cewa a jihar da ba a nuna kati, kowa ne ke shigowa daga titi ya dangwala. Tun dokar tarayya ta 2002, mai yin rajista yana ba da lambar lasisinsa ko lambobi huɗun ƙarshe na katin tsaron rayuwarsa, a duba su a kundin gwamnati. Ranar zaɓe sai an ga sunansa a littafin rumfa, a wurare da yawa ya sa hannu, yana sane da cewa ƙarya a nan laifi ne na ɗauri.

Sai mu tambayi wane irin maguɗi kati yake hanawa. Iri ɗaya ne tak: sojan gona, wato mutum ya zo rumfa ya ce shi ne wane. Farfesa Justin Levitt na makarantar koyon shari'a ta Loyola ya bi diddigin irin wannan laifi daga 2000 zuwa 2014, ya samu zarge-zarge 31 masu ƙwari a cikin ƙuri'u sama da biliyan ɗaya. Ko a shari'ar Indiyana da aka ambata, alƙali John Paul Stevens, wanda ya rubuta babban hukuncin da ya tabbatar da dokar, ya amsa cewa babu wata shaida a gaban kotu da ke nuna an taɓa yin sojan gona a rumfar zaɓe a tarihin jihar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai hankali ba zai sayi shekaru biyar a kurkuku da ƙuri'a ɗaya ba, kuma mai son murɗe zaɓen jiha yana buƙatar dubban irin waɗannan mutane, kowannensu ya riƙe sirri.

Maguɗi na gaske yana faruwa a Amurka, amma ta wata ƙofar yake shiga. A 2018, a mazaɓa ta tara ta Karolina ta Arewa, wani ɗan kwangilar siyasa da ke wa ɗan takarar Rifablikan aiki ya tattara ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya ba bisa ƙa'ida ba, har hukumar zaɓen jihar ta soke sakamakon ta sa aka sake. Katin da ake nunawa a bakin rumfa ba zai hana wannan ba. Mu ma ai mun san haka: katin zaɓe bai hana sayen ƙuri'a ba, bai kuma hana alƙaluma su sauya a cibiyar tattara sakamako ba.

Yanzu muhawarar ta wuce hoto, ta koma kan takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Tun 1996 dokar tarayya ta mayar da jefa ƙuri'ar baƙo a zaɓen tarayya laifi, hukuncinsa ɗauri da kora daga ƙasa. A 2024 sakataren jihar Jojiya, ɗan Rifablikan, ya tace rajistar mutum miliyan 8.2, ya samu baƙi 20. Kansas kuwa ta gwada neman takardar tun daga 2013. Cikin 'yan shekaru aka dakatar da rajistar mutum sama da 30,000, alhali baƙin da kotu ta samu sun yi rajista ko sun yi yunƙurin yi a tsawon shekaru 19 ba su kai ɗari ba. A 2018 kotun tarayya ta soke dokar. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Matar da ta ɗauki sunan mijinta bayan aure, kamar yadda yawancin matan Amurka ke yi, takardar haihuwarta ba ta dace da sunanta na yanzu ba. Irin waɗannan ne tarkon ke fara kamawa.

Akwai kuma tarihi, wanda in ba a san shi ba, ba za a gane zafin da baƙaƙen fata ke ɗauka a kan wannan batu ba. Gyaran kundin tsarin mulki na 1870 ya hana a tauye ƙuri'ar mutum saboda launin fatarsa. Sai jihohin kudu suka ƙirƙiro dokokin da ba su ambaci launi ba ko sau ɗaya: harajin ƙuri'a, jarrabawar karatu, sharuɗɗan zama. Kowace an kawo ta da sunan tsabtace zaɓe. A Luwiziyana baƙaƙen fata sama da 130,000 ne ke cikin rajista a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,500 ba. Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 ce ta tilasta wa irin waɗannan jihohi neman izinin tarayya kafin su sauya kowace ƙa'idar zaɓe. A 2013 Kotun Ƙoli, da rinjayen biyar da huɗu, ta karya wannan shinge a shari'ar gundumar Shelby. A ranar Teksas ta sanar da fara aiki da dokar katinta, kuma cikin makonni Karolina ta Arewa ta yi tata. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta Karolina, bayan ta gano cewa 'yan majalisar sun nemi bayanan yadda mutanen kowane launin fata ke yin zaɓe kafin su tsara dokar, sannan suka rage hanyoyin da baƙaƙe suka fi bi.

Adalci ya wajabta a faɗi inda masu adawa da dokokin su ma suka zarce. Sun sha cewa miliyoyi za su rasa ƙuri'a, amma babban binciken da Enrico Cantoni da Vincent Pons suka wallafa a 2021, wanda ya duba zaɓuɓɓukan 2008 zuwa 2018, bai ga wani raguwar fitowa na a zo a gani ba, har a tsakanin baƙaƙe. Sai dai binciken nan bai ga wani sauyi a yawan maguɗi ba shi ma. Kenan dokar ba ta kori miliyoyi ba, ba ta kuma kama ɓarayi ba. Abin da ya rage shi ne ɗaiɗaikun mutanen da aka mayar gida, kuma suna nan. Lokacin da Ingila ta fara neman katin a zaɓen ƙananan hukumomi na 2023, hukumar zaɓen Birtaniya ta ƙidaya kusan 14,000 da aka juya ba su dawo ba.

To, batun gwamnatin tarayya ta karɓe komai fa? Kundin tsarin mulkin 1787 ya ba majalisun jihohi ikon tsara lokaci da wuri da yadda za a zaɓi 'yan majalisar tarayya, ya kuma ba majalisar tarayya ikon gyara waɗannan ƙa'idoji in ta ga dama. Shugaban ƙasa bai samu ko layi ɗaya a wannan sashe ba. Dubban gundumomi da garuruwa ne ke gudanar da zaɓe, shi ya sa Oregon ke yin nata ta gidan waya, Dakota ta Arewa kuma ko rajista ba ta yi. Babu shakka hannun tarayya ya taɓa zama rahama: a Misisipi baƙaƙen da ke cikin rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba kafin dokar 1965, amma zuwa 1967 sun kusa kashi 60.

Amma ku dubi yadda jam'iyyun biyu ke musayar riga. A 2021 'yan Dimokrat sun kawo ƙudurin da zai ɗora wa dukkan jihohi ƙa'idoji ɗaya, 'yan Rifablikan suka ce wannan ƙwace ne daga Washinton, suka kashe shi a Majalisar Dattawa. A Afrilun 2025 'yan Rifablikan suka zartar da ƙudurin SAVE a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 220 da 208, wanda zai tilasta wa kowace jiha neman takardar ɗan ƙasa, sai ga 'yan Dimokrat suna kare 'yancin jihohi. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya gwada yin hakan da umarnin shugaban ƙasa, alƙalan tarayya suka dakatar da muhimman sassansa bisa hujjar cewa ba huruminsa ba ne. Kowace jam'iyya tana son ikon tarayya ne a ranar da ikon ke hannunta.

Rarrabuwar da muke gani kamar hargitsi kuwa ta yi rana. A Janairun 2021 shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Donald Trump, ya buga wa sakataren jihar Jojiya, Brad Raffensperger, waya yana neman a samo masa ƙuri'a 11,780. Mutumin ɗan jam'iyyarsa ne, amma ya ƙi, kuma ya iya ƙi ne domin jama'ar Jojiya ne suka zaɓe shi, ba shugaban ne ya naɗa shi ba. Mu a Najeriya mun ɗanɗani ɓangarorin biyu. Mun ga hukumomin zaɓen jihohi suna bai wa jam'iyyar gwamna kusan kowace kujerar ƙaramar hukuma, har ake kiran INEC ta karɓi aikin. Mun kuma ga kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais a 2008 yana ba da shawarar a cire zaɓen shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa, saboda ita ma tsakiyar abin tsoro ce. Sauya wa iko mazauni ba ya tsarkake shi. Abin dubawa shi ne wa ke iya taka wa mai riƙe da shi birki.

Saboda haka ba ina cewa neman shaida zalunci ba ne. Kwamitin Carter da Baker da ake yawan kafa hujja da shi ya haɗa shawararsa da sharaɗi: katin ya zama kyauta, gwamnati kuma ta fita da kanta ta nemo waɗanda ba su da shi ta ba su. Rabin farko na shawarar ne 'yan siyasa suka fi tunawa. Duk dokar da aka kawo, a Amurka ko a ko'ina, a yi mata tambaya uku. Wa zai ba da takardar, kuma nawa za ta ci wa talaka? Me aka tanadar wa ɗan ƙasa na halak da ya zo rumfa babu ita? Kuma masu kawo dokar za su yarda da ita ranar da abokan hamayyarsu ne za su aiwatar da ita? Dokar da ta amsa waɗannan ta cancanci goyon baya daga kowa. Wadda ta kasa amsawa kuwa, wanda ya tsaya ya ƙalubalance ta yana kare zaɓe ne, kuma bai kamata mu kira shi ɓarawo ba.