Mi ya sa gwandarku ba ta yin ɗiya?

Jama'a masu garka, ga wani kuka da ake yawan kawo ma malaman gona. Mutum ya shibka gwanda bakin rijiya ko bayan ɗaki. Ya yi wata 8 shina ba ta ruwa. Ta yi tsawo, ta yi hure, amma ko ɗa guda babu. Sai ya ce ƙasa ce ba ta karɓe ta ba, ko kuwa baki ne ya kama ta. Sau da yawa ba haka ba ne. Namiji ne ya yi ta wahala a kai.

Kun san giginya akwai mace akwai namiji. Haka ma dabino. To, gwanda ta fi su, don ita iri 3 ce: namiji, mace, da mata-maza. Ba a gane su ga iri, ba a gane su ga ganye. Sai sun yi hure, wata 4 zuwa 6 bayan shibka.

Ku duba huren da kyau. Na namiji ƙanana ne, masu yawa, suna lilo bisa wani dogon sili. Na mace babba ne, shina manne ga jikin icce, wurin da hannun ganye ya fito, kuma gindinshi a kumbure yake. Wannan kumburin shi ne ke zama gwanda. Na mata-maza ma kusa da icce yake, amma ya fi tsawo da siranta.

Mace ita kaɗai ba ta isa ba. Sai ƙwarin dare da iska sun kawo mata garin huren namiji. In babu namiji kusa, hurenta ya kan bushe ya zube. Saboda haka kada ku sare maza duka. Ku bar guda 1 cikin mata 10. Wanda ke da mace guda cikin gida shina iya yin aikin da hannunshi: da safe ya tsinko huren namiji wanda ya buɗe, ya cire leɓɓan, ya goga shi a hankali tsakiyar huren mace.

Mata-maza ba ta bukatar kowa, ita ke ma kanta barbara. Ɗiyanta dogaye ne, na mace kuwa sun fi zama a dunƙule. Wannan abin lura ne ƙwarai wurin zaɓen iri. Irin da aka ciro daga dunƙulalliyar gwanda, wajen rabi maza ya kan ba da. Na doguwa kuwa, galibi mata-maza da mata ke fitowa. In kun tafi kasuwa neman ta iri, ku ɗauki doguwa wadda ta nuna sosai. Ku murza irin ku wanke yauƙin, ku shanya a inuwa.

Wurin dashe, ku sa tsiro 3 kowane rami, tsakanin rami da rami metir 2 ko 2 da rabi. Ranar da suka yi hure, ku bar guda mai kyau, ku sare sauran daidai ƙasa. Kada ku tumɓuke, don kada ku taɓa saiwar wadda kuka bari.

Wasu suna sare kan namiji, wai ya koma mace. Wani lokaci ya kan yi ƴan ɗiya ƙanana masu lilo, amma ba su biyan ruwan da aka ja. Gara a dasa wata.

Akwai kuma mace ta ƙwarai wadda ke zubar da hure. Nan ruwa ne ko zafi. Saiwar gwanda ba ta nisa cikin ƙasa. A ƙasar rairayi, lokacin bazara, watan Afirilu da Mayu, ku ba ta ruwa kullum da marece, ku shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayi a gindi don laima ta daɗe. Ku yi mata darni wajen gabas ya tare iska. Ko da haka, wasu hure za su zube saboda zafi. Ku yi haƙuri, in damana ta sauka za ta kama.

Masu garka cikin Gulbin Maraɗi, da Majiya, da ƙoramun Matamai da Magarya, ku yi hattara da kwanciyar ruwa. In ya kwanta gindinta kwana 2, saiwa ta ruɓe ke nan. Ku dasa bisa tudu ko kunya.

Taki kuwa, ruɓaɓɓen kashin dabbobi da ɗan toka sun isa, nesa kaɗan da gindi. In takin zamani ya yi yawa, ganye za ku samu. Daga hure zuwa nuna wajen wata 5 ne ko 6. In iccen ya kai shekara 3, ɗiyan suna ƙanƙancewa, kuma ya fi ƙarfin hannu. Tun shina shekara 2 ku shirya sabbin ramu.