Yadda Ingila Ke Kare Filayen Ƙauye Da Bakin Teku Daga Masu Gini

A ƙauyukan Ingila da yawa akwai filin ciyawa a tsakiyar gari, inda yara ke wasa, dattawa ke shan iska. Gidaje sun yi tsada a ƙasar, don haka masu gini ba sa ɗauke ido daga irin waɗannan filaye.

Wata doka ta 2006 ta ba mazauna wuri makami. Idan suka tabbatar cewa jama'a da dama sun yi aƙalla shekara 20 suna amfani da fili don wasa ko shaƙatawa a bainar jama'a, ba da ƙarfi ba, kuma ba da izinin mai shi ba, suna iya neman a yi masa rajista a matsayin filin gari. Da zarar an yi, gini a kansa ya haramta, ko da filin mallakar wani ne. Sai dai a 2013 majalisa ta rage wa wannan dama ƙarfi: in an riga an sanar da neman izinin gini, ƙofar rajista ta rufu. A ganina wannan zalunci ne ga ƙauyawa, domin sau da yawa ba sa farga sai sun ga sanarwar.

Bakin teku kuwa, saye aka yi. A 1965 ƙungiyar National Trust ta fara tara gudummawa don sayen gaɓar da gini bai taɓa ba. Yau tana kula da fiye da mil 780 a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, kuma filin da ta ayyana na dindindin ba ya sayuwa.