Samanja: Dariya Ce Kawai Ko Da Wata Manufa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Kawo, Kaduna, ya ce sun yi gardama da abokinsa, wai wasan Samanja farfagandar soja ce. Yana so a raba musu gardama.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Da kai da abokin naka kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiya.

Shi dai Samanja, wato marigayi Usman Baba Pategi wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin ya yi suna a rediyo da talabijin na Kaduna. Gidan rediyon kuwa gwamnatin Sardauna ce ta kafa shi a 1962, daga baya ya koma hannun gwamnatin tarayya. Wasan ya yi tashe ne a shekarun 1970 da 1980, bayan yaƙin basasa, lokacin da galibi soja ke mulki, jama'a kuma na ɗari-ɗari da mai kaki. Sai ga soja a akwatin rediyo yana kwaɓa Hausar bariki, yana muzurai, ana dariya. Wanda ka yi wa dariya kuwa, ai tsoronsa ya ragu a zuciyarka. Wannan ya yi wa hukuma daɗi, ko ta shirya hakan ko ba ta shirya ba. Nan abokinka ya yi gaskiya.

Amma fa zancen bai ƙare nan ba. Wani masani ɗan asalin Jamaika, Stuart Hall, da ya koyar a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya yi bayani a 1973 cewa mai shirya shiri yana ƙulla saƙonsa ne, amma mai sauraro ke kwancewa, kuma ba lallai ya kwance yadda aka ƙulla ba. Wani ya karɓa ɗungurungum, wani ya ɗauki rabi ya zubar da rabi, wani ya juya shi baibai. Kurtun da ke barikin Kawo zai ga kansa a wasan, ya ji daɗi. Direban da aka taɓa sa wa tsallen kwaɗo a hanyar Zariya kuwa, dariyarsa ta ramuwa ce, don a nan ne kaɗai yake iya yi wa kaki dariya ba a taɓa shi ba. Wasa ɗaya, kunne biyu.

Ai kai ma haka kake yi da tallar taki ko ta maganin feshi. In an ce buhu ɗaya zai cika maka rumbu, kana jin kiɗan tallar, amma sai ka tambayi wanda ya zuba bara. To haka za ka yi wa kowane shiri: wa ya biya kuɗinsa, wa aka nuna da wayo, wa aka mai da wawa, wa kuma ba a ji muryarsa ba sam.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaishe mana da abokin gardamar.