Muhawarar 'yan makaranta: jarin da ake cin ribarsa a wurin aiki

A shekarar 1988 wata yarinya baƙar fata mai suna Ketanji Brown ta kammala makarantar sakandare ta Palmetto da ke birnin Miami na Amurka. A ajinta na ƙarshe ta lashe wata gasar jawabi ta ƙasa da aka yi a New Orleans. Da ta nuna sha'awar shiga Jami'ar Harvard, sai aka ba ta shawara a makarantar da ta rage dogon buri. Alhali ta riga ta taka harabar jami'ar tare da ƙungiyarsu ta muhawara, ta ga wurin ya kwanta mata a rai. Ta shiga, ta karanta shari'a, kuma a 2022 aka rantsar da ita a Kotun Ƙolin Amurka, baƙar mace ta farko da ta hau wannan kujera. Da bakinta ta shaida cewa ƙungiyar muhawara ce ta share mata hanya.

To, mene ne yaro yake koyo a can wanda allo da alli ba sa ba shi?

Na farko shi ne sauraro. Mai muhawara yana rubuta hujjojin abokin karawarsa ɗaya bayan ɗaya, domin hujjar da bai amsa ba, alƙalan gasa suna ɗauka ya amince da ita. Wannan kunnen ne likita yake buƙata a gaban majinyaci, da lauya a gaban shaida.

Na biyu shi ne adalci ga ra'ayin da ba naka ba. A yawancin gasanni ɗalibi ba ya zaɓen ɓangare: a zagayen farko ya goyi bayan batu, a na gaba ya soke shi. Wanda ya saba da haka, in ya zama shugaban ma'aikata ko mai sasanta rikici, ba ya yanke hukunci da jin baki ɗaya.

Na uku shi ne tattalin lokaci. Mintoci ƙidayayyu ake ba shi, ya jero hujja, ya kawo shaida, ya rufe. Ranar ganawar neman aiki, ko ranar kare wani shiri a gaban masu ba da kuɗi, abin da za a nema gare shi ke nan.

Ƙasashe sun fahimci haka. Tun 1925 aka kafa ƙungiyar gasar jawabi ta makarantun Amurka a garin Ripon. A irin waɗannan gasanni ne Martin Luther King ya yi nasara a 1944, yana ɗan shekara 15. Faransa kuwa, daga 2021 ta sanya babbar jarrabawar baka a cikin bakaloriya: ɗalibi ya yi shiri na minti 20, sannan ya fuskanci malamai 2 na wasu minti 20.

Ya ku iyaye, a gidajenmu muna yabon yaro mai kunya, kuma kunya ado ce. Sai dai sau da yawa muna haɗa muhawara da gardama, alhali gardama neman rinjaye ce da ƙarfin murya, muhawara kuwa neman gaskiya ce da hujja da ladabi. Ɗan da aka hana buɗe baki yana lise, zai riƙe digiri a hannu, wanda bai kai shi ilimi ba ya karɓe masa gurbi. 'Ya'ya mata sun fi shan wannan hasara.

Abin ba ya cin kuɗi. Bayan abincin dare, a ba yara batu, kowa minti 3, uba da uwa su yi alƙalanci. In makarantarsu tana da ƙungiyar muhawara, a bar su su shiga. In babu, ƙungiyar iyayen yara ta nemi a kafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.