FASHIN BAƘI: Kalmar 'him' da abin da take nunawa game da koyar da Turanci a Zamfara

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, wadda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a 2022 zamanin Adamu Adamu. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi koyarwa da harshen gida. Ke nan Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko.

An yi ta muhawara a kafafen sada zumunta, amma a cikin aji ne za a ga nauyin wannan mataki. Yaron da ke firamare a Furfuri, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, da Hausa yake magana a gida da kasuwa da filin wasa. Kalma ɗaya mai harafi uku, "him", ta isa ta nuna irin aikin da ke gabansa.

Me kalmar ke nufi?

"Him" wakilin suna ne na namiji tilo, wanda ake sawa idan aiki ya faɗa kan mutumin, wato idan shi ne karɓau. Idan kuwa shi ya yi aikin, wato aikau, sai a ce "he". "Ya gan ni" shi ne "He saw me". "Na gan shi" kuma "I saw him". Haka nan "him" ke biyo bayan ƙananan kalmomi irin su "with" da "for": "Na tafi da shi" ya zama "I went with him". Har "masa" na iya komawa "him": "Na saya masa takalmi" shi ne "I bought him shoes".

Tarko huɗu ga mai jin Hausa

Na farko sauti ne. "Shi" na Hausa na namiji ne, amma a kunne kusan ɗaya yake da "she" na Turanci, wanda ke nufin mace. Yaron da ba a ja hankalinsa kan wannan ba, zai iya kiran babansa da wakilin sunan mace, yana ganin daidai ya yi.

Na biyu, a Hausa kowane abu tilo yana da jinsi. Littafi namiji ne, mota mace. Ana cewa "na karanta shi", "na saye ta". Turanci kuwa ya ware "it" domin abubuwa, saboda haka "I read him" kuskure ne idan littafi ake nufi.

Na uku, Hausa tana sa "shi" a farkon jimla domin ƙarfafawa: "Shi ya zo." Wanda ya haddace cewa "shi" daidai yake da "him" zai rubuta "Him came", alhali "He came" ake cewa.

Na huɗu mallaka ce. Wasu na cewa "na gan sa", ga kuma "littafinsa", wanda a bakin Zamfarawa yakan fito "littafinai". Turanci ya raba biyun: "him" ga karɓau, "his" ga mallaka. Abin da ke ƙara rikita ɗalibi shi ne a wajen mace kalma ɗaya ce, "her", ke yin aikin biyun.

Ɗalibin ƙasar Sin da tasa matsalar

Mai koyon Turanci a ƙasar Sin ma yana tuntuɓe da wannan kalma, sai dai dalilinsa daban ne. A harshen Mandarin sauti ɗaya ne, "ta", ke wakiltar namiji da mace da abu. A rubuce kaɗai ake bambanta su, kuma harafin mace bai yaɗu ba sai wajejen 1920, ta hannun marubuci Liu Bannong. Kalmar ba ta sauya siffa ko mutum aikau ne ko karɓau. Dole ɗan Sin ya koyi abu biyu sababbi: jinsi a baki, da sauyin kalma gwargwadon matsayinta.

Bahaushe ya riga ya mallaki duka biyun. Ya san "ya" da "shi", ya san "ta" da "ita", har yana raba "kai" da "ke" inda Turanci ke da "you" kawai. Kurakuransa sanannu ne, ana iya hango su tun kafin ya yi. Malamin da zai ce masa "wannan shi ne 'shi' ɗin da ke cikin 'na gan shi'" ya gajarce masa hanya. Wanda ya tsaya kan Turanci zalla, sai ya koma ga haddar da ba fahimta.

Har a dokar ƙasa

Batun bai tsaya a aji ba. Sashe na 131 da na 177 na Tsarin Mulkin 1999, waɗanda suka jera sharuɗɗan zama shugaban ƙasa da gwamna, da wakilin sunan namiji aka rubuta su. Wanda ya fassara su kai tsaye zai ɗauka an rufe wa mata ƙofa. Ba haka ba ne: sashe na 14 na Dokar Fassara ya ce kalmomin jinsin namiji a cikin doka sun haɗa da mata. Virginia Etiaba ta riƙe kujerar gwamnan Anambra a ƙarshen 2006 ƙarƙashin wannan kundi.

Abin da ke gaban Zamfara

Babu jami'ar da ɗalibi zai shiga, har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ba tare da kiredit a Turanci ba. Saboda haka ba a jayayya kan cewa yaron Furfuri, Tsafe ko Gusau yana buƙatar harshen. Saɓanin yana kan hanyar isa gare shi.

Najeriya ta taɓa gwaji. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai. Rahoton shirin ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023. Tambayar da ta kamata matasan jihar su yi wa gwamnati ita ce: malamai nawa ne a firamarorin karkara aka horar su iya bayyana bambancin "he", "him" da "his" ga yaron da Hausa kaɗai yake ji? Ko wace manufa aka rubuta a Abuja, a hannun wannan malami sakamakon yake.