Sadarwa Ba Tare da Waya Ba: Me Za Ta Amfana wa Masana'antun Kano?

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Fagge ko Kasuwar Sabon Gari a yau, zai ga abin da a da sai dai a tatsuniya. Ɗan kasuwa yana zaune a rumfarsa, ya zura kati cikin 'yar na'urar POS, kafin ƙiftawar ido kuɗi sun tashi daga wani banki sun faɗa wani, alhali kuwa babu zaren waya ko ɗaya da ya haɗa rumfar da bankin. Kafin shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, layukan tarho na ƙasar baki ɗaya kimanin 400,000 ne kawai. To, tun da kasuwa ta rungumi wannan fasaha, shin masana'antun da ke cika kasuwar da kaya su ma za su iya sakin waya su kama iska? Wannan ita ce tambayar da za mu duba.

Kasuwa da masana'anta

Fagge tsohon zango ne na ayarin fatake masu ƙetaro Sahara. Sabon Gari kuwa ya kafu ne jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. A maƙwabtansa aka kafa unguwar masana'antu ta Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo. Har yanzu alaƙar tana nan. Kayan roba da sabulu da man girki da ake yi a waɗannan wurare, kasuwannin nan suke bi su isa ga jama'a. Idan kuma inji ya lalace, sau da yawa Sabon Gari ake zuwa neman boris ko bel, ko mai naɗin kwayil. Saboda haka duk sauyin da ya shafi masana'anta, sai ya taɓa mai shago da makaniki da ɗan koyo a waɗannan unguwanni.

Me ya haɗa inji da waya?

A masana'anta akwai waya iri biyu. Akwai mai kawo wutar da ke juya inji, wannan ba ta da madadi. Akwai kuma mai kai labari. Alal misali, tukunyar tururi tana da ma'aunin zafi da na matsin tururi, tankin mai yana da ma'aunin cika. Tsohuwar hanyar da har yanzu ake bi ita ce, ma'aunin ya mai da abin da ya auna ya zama wutar lantarki 'yar kaɗan, tsakanin miliyamfa 4 zuwa 20. Idan 4 ta iso ɗakin kula da injuna, an san abin yana ƙasa. Idan 20 ce, ya kai maƙura. Idan kuwa babu komai, an san waya ta tsinke.

Dabara ce mai kyau, sai dai tana da tsada. Kowane ma'auni yana buƙatar wayarsa ta jan ƙarfe, da bututun da za ta bi, da ma'aikacin da zai fasa bango ko ya haƙa ƙasa. Ɓera yana gaigayar waya, sinadarin jima yana cin ta, ɓarawo kuma yana sonta. A tsohuwar masana'anta, kuɗin jan waya kan wuce kuɗin ma'aunin kansa. Sakamakon haka sai a bar injuna da yawa ba mai sa musu ido, sai ranar da suka tsaya.

Yadda saƙo ke bin iska

Igiyar rediyo, wadda Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwarta a 1887, tana gudu da saurin haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Mai sauraren rediyo ya saba jin ana cewa mita kaza a gajeren zango. Wannan mitar tsawon igiyar ce. Tashar FM tana aiki da igiya mai tsawon kamar mita 3. Wi-Fi kuwa, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997, yawanci yana aiki a kan gigahaz 2.4, ma'ana igiyar tana kaɗawa sau miliyan 2,400 a daƙiƙa. Ɗalibi na iya gwadawa da kansa: raba mita miliyan 300 da miliyan 2,400, za ka sami mita 0.125, wato santimita 12 da rabi, bai kai taƙi ɗaya ba.

Wannan gajartar ita ta sa eriyar ta zama ƙarama har ta shiga cikin ma'auni. Ita ce kuma tushen matsala.

Me ya sa masana'anta ta fi ofis wuya?

Na farko, ƙarfe. Gajeriyar igiya ba ta ratsa ƙarfe, dawowa take yi kamar yadda haske ke dawowa daga madubi. A zauren da ke da rufin kwano da manyan injuna, saƙo ɗaya kan iso ta hanyoyi da yawa a lokuta mabambanta, har wani ya kashe wani. Ko babbar mota ce ta tsaya a tsakani, tana iya yanke sadarwa. Na biyu, hayaniyar lantarki: tartsatsin walda da manyan injuna suna fitar da tasu igiyar, kamar ƙarar da ake ji a rediyo lokacin walƙiya. Na uku, cinkoso, domin wayoyin ma'aikata da Bluetooth duk a wannan zango suke. Ga kuma zafin bazara mai wuce digiri 40 a Kano, da ƙurar hunturu, masu rage ƙarkon batir da na'ura.

Babban bambanci shi ne lokaci. Idan hoto ya yi jinkirin daƙiƙa biyu a wayarka, tsaki kawai za ka yi. Idan umarnin tsayar da injin yanka ya yi irin wannan jinkiri, hannun mutum ne zai tafi.

Dabarun da masana suka ɓullo da su

Don magance waɗannan matsaloli aka tsara ƙa'idoji na musamman, irin su WirelessHART da ta fito a 2007 da ISA100.11a da ta fito a 2009. Dabaru uku ne ginshiƙinsu. Ta farko ita ce tsallen tasha: na'ura ba ta zama a tasha ɗaya, tana ta sauyawa, yadda idan hayaniya ta toshe wannan sai saƙo ya bi waccan. Tun 1942 Hedy Lamarr da George Antheil suka yi rajistar wata dabara irin wannan a Amurka. Ta biyu ita ce rabon lokaci: a WirelessHART an yanka kowace daƙiƙa gida 100, kowane ma'auni ya san gurbinsa, don haka ba a haɗa baki. Ta uku ita ce tsarin raga: kowane ma'auni yana iya karɓar saƙon maƙwabcinsa ya miƙa gaba, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu da hannu wajen kashe gobara. Idan hanya ɗaya ta toshe, sai saƙo ya zaga ta wata. Da yake ma'aunin barci yake yi tsakanin saƙo da saƙo, batirinsa kan kai shekaru.

Sa'an nan ga tsarin salula na 5G, wanda MTN ya ƙaddamar a Nijeriya a 2022. A wasu ƙasashe, kamar Jamus, hukuma tana ba masana'anta izinin kafa nata 5G a cikin harabarta. Wannan kam aikin manyan kamfanoni ne.

Ta ina ya kamata a fara?

Amsar ita ce a fara da sa ido, a bar bayar da umarni ga waya. Boris ɗin da zai lalace yakan fara da ƙarin zafi da karkarwa tun kafin ya tsaya. Ma'auni ɗaya da aka manna a jikin injin zai iya sanar da makaniki da wuri, a sayo sabo a natse, maimakon a tsayar da aiki a sallami ma'aikata gida. Haka nan ana iya sanin yawan man da janareta ya sha, da zafin ɗakin sanyi, da wutar da kowane sashe ya ja. Amma maɓallin tsayar da inji na gaggawa da na tukunyar tururi, waya ce ta fi dacewa da su.

Kasuwa ma tana da rabo. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. Ma'aunin hayaƙi ko na zafin waya mai aika saƙo cikin dare, lokacin da kasuwa take kulle, abu ne da wannan fasaha ta sa ya yiwu ba tare da an fasa bangon kowa ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Wajibi ne kuma a kula da tsaro, domin igiyar rediyo ba ta san katanga ba. Dole a ɓoye saƙo da lambar sirri, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, a kuma raba hanyar injuna da ta wayoyin ma'aikata.

Kammalawa

Na'urorin nan ana iya shigo da su, amma sai an sami wanda zai auna ƙarfin igiya a cikin zaure, ya san inda zai kafa eriya, ya fassara abin da ma'auni ke faɗa. Makanikin da ya ƙware wajen gane ciwon inji da kunne, yana buƙatar matashin da ya san lissafi da kwamfuta, shi ma matashin yana buƙatarsa. Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna koyar da fannin lantarki, amma tushen yana sakandare. Malami na iya farawa da gwaji mai sauƙi: a sa wayar salula cikin tukunyar ƙarfe, a rufe ruf, a kira ta, sa'an nan a maimaita da bokitin roba. Ɗalibin da ya iya bayyana bambancin da ya gani, ya riga ya fahimci matsala ta farko da injiniya ke fuskanta a Bompai.